Kwalta a Idon Firmin

Da mijina Firmin ya tsayar da motar a zagaye na shida, ko tafin hannunsa ba ya iya gani. Zafin ranar watan Yuni ya narkar da kwaltar da aka malala wa hanyar tseren, motocin gabansa suna watso masa ita, tabaraunsa kuma tsakuwa ta fasa shi tun da hantsi. Ina bayan shinge ya ɗago fuska, na ga idanun jajir kamar ɗanyen nama, baƙin hawaye na bin kumatunsa.

Vasseur, mai kamfanin motar, ya iso da likita. Likitan ya duba ya ce a cire shi daga tseren. Vasseur ya ce saura zagaye huɗu, motarsa ce ta biyu, ga 'yan jaridar Paris sun cika wurin. Ya sa a ɗiga masa maganin kashe zafi a ido.

"Ko ka fi son komawa maƙera, Firmin?" in ji Vasseur.

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana dukan ƙarfe a maƙerar kamfanin kafin su ba shi sitiyari. Wannan ne tserensa na uku. Ya ɗaga kai sama, aka ɗiga. Na ƙwala masa kira, ƙarar inji ta shanye muryata.

Shi ya zo na biyu. A kafaɗa suka ɗauke shi, yana ta murmushi ga mutanen da ba ya gani.

* * *

Likitan ido ya ce maganin ne ya hana shi jin zafin da zai sa ya ƙifta, ƙura ta yi ta gurzar idon har ta gama. Na hagu ya mutu, na dama sai haske da inuwa.

Na ja hannunsa zuwa ofishin Vasseur. Aka ba mu kofi muka sha, aka kira shi gwarzon Faransa, sannan aka ce gaskiya masana'anta ba wurin makaho ba ce. Kofin azurfar da ya ciyo yana tagar kamfanin. Ban faɗa masa ba. Na kama wankau.

* * *

Da shekara ta zagayo, Gaspard, abokin aikinsa na maƙera, ya zo mana ranar Lahadi. Shi aka ba motar. Firmin ya zaunar da shi yana zana masa hanyar da yatsa a kan tebur: inda zai taka birki, kwanar da ke ruɗi, gangaren bayan coci. Rabon da in ji muryarsa da rai haka, na manta.

Na raka Gaspard ƙofa, na roƙe shi ya dubi abokinsa da kyau kafin ya hau.

"Na gani, Léontine," ya ce yana murza hularsa. "Amma shekarata tara a bakin wutar maƙerar nan."

Na komo na tarar Firmin ya laluba kwalbar giya yana zubawa, tana kwarara a kan tebur, dab da kofinsa. Na tura kofin ƙarƙashin bakin kwalbar a hankali yadda ba zai ji ba.