Yashin Bakin Ofis

Dogo ya gama loda tifarsa da yashin kogi ke nan sai ga jami'ar hukumar ruwa ta tarayya. Ya nuna mata takardar izinin jiha da ke manne a gilashin mota, ko kallonta ba ta yi ba.

"Malam, kogin nan ya ratsa jihohi, dokar tarayya ce ke iko da shi, kuma ta hana ɗibar yashi a nan. Inda dokar jiha ta ci karo da ta tarayya, ta jiha ce ke kaucewa. An rufe gaɓar nan. In aka tare ka a kan gada da yashin nan, motar ta tafi."

Tifar nan ita ce cinsa da na 'ya'yansa. Masu gini duk suna ƙetaren gada, kogi kuma an rufe shi, ba halin mayarwa. Dogo ya juya kan mota ya nufi ofishin jiha, inda ƙanen matarsa ke buga hatimin izini.

Ya tarar da shi ƙarƙashin fanka, ya tuɓe takalmi.

"Mijin Yaya, lafiya ka shigo mana da ƙura?"

"Ka san da dokar tarayya lokacin da ka buga min hatimi?"

"Kowa ya sani. Mu dai ba a ce mu daina bayarwa ba. Ka yi haƙuri, abin daga sama ne."

"Ka sani, ka bar ni na je."

"To ni ne majalisa? Je ka kotu mana."

Mutumin da zai ba ka izinin da ya san mushe ne ya fi mai ƙwace maka mota mugunta. Dogo ya fita. Ya yo baya da tifa har bakin ƙofa, ya ja giyar juyewa. Yashi ya zubo ya binne matakala, ya toshe ƙofa har rabi.

Ƙanen matar ya leƙo ta taga ba takalmi. "Ka haukace ne? Wallahi sai na gaya wa Yaya."

"Gaya mata. Da izininku na ɗebo shi, ga kayanku nan. Ku da tarayya ku san inda za ku kai shi."

Ya ɓamɓare takardar daga gilashi ya soka ta a tsibin yashin. Da ya iso gada, jami'ai suka leƙa bayan tifa, suka ga wayam, suka ɗaga masa hannu.