Akuyar Ranar Asabar

"Kai ka gaya musu kwano ɗaya kuke ci?" Hansatu ta ce wa mijinta. "Kai da wa? Da yayanka?"

"Ban ce kullum ba," in ji Silas.

"Ka ce kullum. Bakinka ai na san shi, Baban Glory. Da ka ga manya sai ya kwance."

Silas ya ci gaba da ɗaure akuyar a jikin turke.

Shi direba ne a wata cibiya ta jami'a, inda ake binciken yadda mutane mabambanta suke zama wuri ɗaya. Cibiyar ba ta motsi sai an sami tallafin kawo baƙi masu bincike. In da baƙo, akwai mota, akwai direba. In babu, motar ta kwanta, a sallami direban. Bana tallafin ya kawo Farfesa Janet daga Kanada. A hanyarsu daga filin jirgi, shugabar cibiyar, Dakta Ikilima, ta ce suna neman gida guda mai addini fiye da ɗaya. Don kar a ce direba tuƙi kawai ya iya, Silas ya ce ai gidansu ke nan: shi Kirista, yayansa Musulmi, marigayi babansu ɗan gargajiya, kuma tuwo ɗaya suke ci. Dakta ta fassara. Farfesa ta dafe ƙirji. Aka sa Asabar za su zo gidan su gani.

Duk gaskiya ne, ban da tuwon.

Yayan nasa, Badaruddeen, a bayan layinsu yake a Dutse Alhaji, amma rabonsu da magana tun shekarar da Silas ya bari aka sare ɗorawar da ke kan kabarin babansu, aka zuba siminti, aka buɗe wurin wankin mota. Ba ruwan addini a ciki. Abu ɗaya ne kawai bai yanke ba. Duk Kirsimeti Badaruddeen yakan zo da wuƙarsa ya yanka musu dabba, don maƙwabta Musulmi su iya cin naman da za a aika musu. Ya yanka, ya wanke hannu, ya tafi.

"Me kika ce masa da kika je kiransa?" Silas ya tambayi Hansatu.

"Na ce akwai yanka."

"Da damina? Bai yi tambaya ba?"

"Ya ce Kirsimetin bana ya yi sammako."

Silas ya tafi Garki ya ɗauko baƙin. Da suka iso, Badaruddeen na tsugune a tsakar gida yana wasa wuƙa. Ya miƙe ya gaida Dakta, ya gaida Farfesa, ya tambayi Hansatu lafiyar yara. Da idonsa ya zo kan Silas sai ya wuce kan akuyar.

"Maman Glory, ki ce wa maigidanki ya riƙe ƙafafun baya."

"Baban Glory, wai ka riƙe ƙafafun baya."

Silas ya riƙe. Kafaɗarsa na gogar ta yayansa. Aka fuskantar da akuyar gabas, Badaruddeen ya yi bisimilla ya ja wuƙa. Farfesa ta kau da kai, amma wayarta ba ta daina ɗauka ba.

"Maman Glory, ki ce masa ya sassauta. Ba mota ba ce."

Farfesa ta yi wa Dakta raɗa. Dakta ta juyo.

"Silas, tana tambaya, me ya sa sai ta bakin madam yake maka magana?"

Silas ya goge hannunsa a wando.

"Al'ada ce, oga. A wurinmu babba ba ya yi wa ƙaninsa magana kai tsaye a gaban baƙi. Kunya ce."

Dakta ta dubi Badaruddeen. Shi kuwa yana goge wuƙar da ganye, a hankali, gefe da gefe.

"Haka ne, Hajiya," ya ce. "Al'ada ce. Ba ta tsufa sosai ba, amma tana da ƙarfi."

Dakta Bakanuwa ce, ba abin da ya ɓuya mata. Ta daɗe tana kallon Silas. Ita ma tallafin nan ne yake riƙe da ofishinta. Ta juya ta fassara rabin farko na maganar Badaruddeen kawai. Farfesa ta gyaɗa kai, ta ce ba ta taɓa cin karo da irin wannan a littafi ba.

Badaruddeen ya wanke hannu, ya naɗe wuƙarsa a tsumma, ya nufi ƙofa.

"Haba Malam," Dakta ta ce, "ina kuma za ka? Ai kwanon nan ɗaya muka zo gani."

Ya tsaya. Ba wanda ya yi motsi sai ƙuda a kan fatar akuyar. Silas ya sunkuyar da kai yana jiran abin da zai fito. Badaruddeen ya dubi ƙofa, ya dubi takalmin ƙaninsa da ya ɓare ta baki. Sai ya dawo ya zauna a kan tabarma.

Dakta ta riƙe shi da tambayoyi har kayan ciki suka dahu. Hansatu ta kawo tuwo a faranti guda, ta dire shi da ƙarfi fiye da kima. Suka ci. In hannun ɗaya ya shiga, na ɗayan ya jira. Silas ya tura hanta gefen yayansa, rabon babba. Badaruddeen bai ci ba, bai kuma turo ta baya ba.

Farfesa ta yi doguwar magana, idanunta sun kawo ruwa. Dakta ta gyara murya.

"Ta ce za ta nemi masu tallafin su ƙara mata lokaci. Wannan gidan shi ne binciken nata. Duk Asabar za ta riƙa zuwa, ta tarar da ku kamar yau, har damina ta wuce."

Hansatu ta shige kicin ba tare da an aike ta ba.

Badaruddeen ya suɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Ya waiga inda Hansatu take tsaye ɗazu, ba ta nan. Sai ya juyo ya dubi ƙaninsa ido cikin ido.

"Silas," ya ce, "awaki nawa gare ka?"