Duwatsun Murhun Uwale

Habi na tsakiyar surfe ta ji ƙarar. Ba ta yi kama da faɗuwar tukunya ba, ta fi kama da bindigar gardi. Kaji suka watse. Sai kuma ta ji muryar Uwale daga bayan darni, ƙasa-ƙasa, tana salati.

Ta yar da taɓarya ta keta darnin, ba ta tsaya neman ƙofa ba. Ta iske maƙwabciyarta kwance gefen murhu, babbar tukunyar dafa fura ta kife mata a cinya, tafasasshen ruwa ya jiƙa zanenta tun daga cibiya har gwiwa. Ɗaya daga cikin duwatsun murhun ya tsage gida uku, tsakiyarsa fara fat kamar alli.

"Kar ki ja zanen," in ji Uwale. "Ya kama fata."

"Sannu, Yaya. Dutsen ne?"

"Tukunyar ce ta tsufa."

Habi ta dubi tukunyar. Ko tsaga babu a jikinta. Ta ɗauko tulu ta dinga kwarara ruwan sanyi, haƙoranta a cije.

Dakoro ƙasar rairayi ce, sai mutum ya yini yana tafiya bai yi tuntuɓe da dutse ba. Matan unguwar da curin laka suke murhu, ko su kifa tsofaffin tukwane. Uwale kaɗai ke da duwatsu na gaske, baƙaƙe uku daga tsaunukan Adar, waɗanda uwarta ta ba ta. A kan jaki ta zo da su shekarar da yunwa ta koro su kudu, ta bar tabarma da akushi amma ba ta bar su ba. Sun sha wuta har sun yi santsi. A kansu take dafa furar da makiyaya ke sha duk ranar kasuwa, a kansu kuma ta ciyar da ɗanta guda ɗaya, Isufu, har ya girma ya zama kukun Nasaran bariki.

Bana da ɗari ya kama, matar Nasaran ta ce ba ta iya barci don sanyi. Aka kira magini ya gina mata murhu a jikin bangon ɗaki, irin na ƙasarsu, wanda suke kira shamine. An kawo duwatsu a kan raƙuma daga arewa, amma ba su isa daɓe inda wuta za ta zauna ba. Sai Isufu ya ce ya san inda ake samu. Ran da Uwale ta tafi suna a Kornaka ya shigo da amalanke, ya kwashe nata, ya jera mata farare uku daga cikin waɗanda masu haƙar rijiyar bariki suka fito da su.

Da ta dawo ta daɗe tsaye a kansu. Ta ɗaga ɗaya ta ajiye.

"Ba nauyi," ta ce, ba ta ƙara ba.

Ta ƙi hura wuta, a gidan Habi take cin tuwo. Amma ranar kasuwa ta zo, mutanenta za su zo da ƙoreyensu, sai ta hura.

Da labarin ƙunar ya kai bariki, Isufu ya iso da gudu cikin farar rigarsa ta aiki, da likitan bariki a bayansa. Likitan ya yanke zanen da almakashi, ya shafa magani, ya naɗe ƙunar. A bakin ƙofa ya kaɗa kai ga Habi, ita kuwa ta gane.

"Inna Habi," in ji Isufu, "wallahi ban..."

"Matsa min daga hanya, ina da ruwa a hannu."

Kwanaki suka wuce, ciwon ya yi ruwa, zazzaɓi ya shiga. Habi ta bar gidanta ga 'ya'yanta ta tare a ɗakin Uwale, tana korar ƙuda da mafici, tana ba ta kunu da ludayi. Abin da ya fi ci mata rai shi ne Uwale ba ta taɓa kama sunan laifin ba. Masu dubiya su tambaya, ta ce tsautsayi ne. Liman ya zo, ta ce ita ta yi sakaci.

"Yaya, ki faɗi gaskiya ko sau ɗaya," in ji Habi. "Ki huce."

"In na faɗa wa za a zaga?"

"Wanda ya yi."

"To, shi ya sa."

Wata safiya zazzaɓin ya yi ƙarfi, Uwale ta fara kiran uwarta, tana cewa a duba jakin, kayan sun karkace, duwatsun za su faɗi. Habi ta ajiye mafici, ta yafa gyale, ta kira matar liman ta zauna mata, ta nufi bariki.

Gardin bakin ƙofa ɗan unguwarsu ne, ya ga fuskarta bai hana ta ba. Ta zagaya bayan gidan, ta iske maginin, Agali, wani dattijon Buzu, yana wanke cokalin gini.

"Malam Agali, duwatsun Uwale na zo ɗauka."

"Sun shiga siminti, baiwar Allah. Sai an fasa bangon." Ya share hannu a riga. "Yaya jikin nata? An ce min tukunya ce."

"Dutse ne. Farin nan na rijiya."

Agali ya tsaya cak. "Wa ya kai mata shi?"

"Ɗanta."

"Ba ya yiwuwa. Irin dutsen nan Nasara ya fara so, don yana da kyau a ido. Na ce masa wannan dutsen ruwa ne a cikinsa, in ya ji wuta fashewa yake. Ni ba na jin Faransanci. Isufu ne ya maida masa maganata."

Habi ta juya ta bar shi tsaye. Ta bi ta ƙofar kicin ta kutsa cikin gidan.

Ɗakin fes, da kujeru da labule. Ga murhun nan a bango, an share shi, an jera itace. A ƙasansa ta gane su, baƙaƙe uku, an kwantar da su an liƙe. Babu tukunya, babu wurin ɗora ta ma. Nasaran na zaune yana shan kafe, Isufu na tsaye da faranti. Da ya gan ta ya kau da kai.

"Gaya mishi," in ji Habi. "Ka ce wata tsohuwa na can tana ruɓewa da ranta don matarsa ta ɗumama ƙafa. Ka ce ɗan da ta haifa ya ji da kunnensa cewa dutsen na fashewa, ya faɗa da bakinsa, ya hana a sa wa Nasara, ya ɗauka ya kai wa uwatai. Gaya mishi duka."

Isufu ya ajiye farantin. Ya juya ga maigidansa ya yi 'yar magana, gajeriya, da murya mai laushi. Nasaran ya ɓata fuska da alamun tausayi, ya tashi ya shiga ciki, ya fito da bargo da kwalin sukari ya miƙa mata.

"Mi ka ce mishi?"

"Na ce Inna ba lafiya, kin zo gaishe shi."

Habi ta bar Nasaran tsaye da bargonsa a hannu ta fita. Isufu ya biyo ta har gindin aduwar da ke bayan kicin.

"Inna Habi, ki saurare ni. Na shanya su a rana. Na ɗauka in sun bushe shi ke nan. Wutar Inna ai ba ta kai tasu ba."

"Ka taɓa tsayawa ka ga wutar da take hurawa ranar kasuwa? Ci kawai ka iya."

"Ya ce in an gama zai tafi da ni Maraɗi in aka maida shi. Na so in..."

"Ka tahi. Allah shi kai ka Faransa ma."

"Kar ki gaya mata na sani."

Habi ta dube shi daga sama har ƙasa. "Kai kake ganin ba ta sani ba?"

Ta koma ta iske zazzaɓin ya ɗan sauka. Uwale ta buɗe ido ta ga rairayi a ƙafafun Habi.

"Kin je can."

"Na je."

"Suna nan?"

"Suna nan. An liƙe su. Ko tukunya ba a ɗora musu."

Uwale ta ce, "Ba za su fashe musu ba. Nagari ne." Ta lalubo hannun Habi. Ba ta kiran sunan ɗanta, ɗan fari ne. "Yaron nan ba ya iya cin abincinsu, cikinsa ba ya so. Ki riƙa ajiye mishi tuwo."

"Yaya, kar ki ɗora min wannan."

"Na ɗora."

"Zan ajiye. Amma bakina da nasa sun rabu har abada."

"Tuwon dai," in ji Uwale.

Ta cika da hantsi, washegarin ranar, Habi na riƙe da kanta. Isufu na bariki yana haɗa abincin rana, sai aika aka yi. Aka binne ta kafin la'asar. Abincin masu gaisuwa a gidan Habi aka dafa shi, don babu matar da ta yarda ta kusanci wancan murhun.

Ba a tafi da Isufu Maraɗi ba, an maida Nasaran wani wuri ya tafi da wani kukun. Sabon Nasaran da ya zo ya riƙe Isufu. Kullum da magariba yakan tsaya a ƙofar Habi ya yi sallama, ba a amsawa, sai dai ya iske akushi a rufe a kan turmi. Ya ci a tsugune, ya wanke, ya kife. Haka suka zauna.

Ranar kasuwar da ta biyo bayan rasuwar, wani tsohon Bafulatani, Samba, wanda ya yi nisa da shanunsa bai ji labari ba, ya zo ƙofar Uwale kamar yadda ya saba. Ya yi sallama sau biyu. Habi ta leƙo ta kan darni ta gaya masa. Bai tambayi yadda aka yi ba. Ya cire malafarsa, ya tsuguna ya yi addu'a mai tsawo, ya shafa. Sannan ya kwance gorar nonon da ya kawo don a dama masa, ya jingine ta a inuwar ƙofar, ya ɗauki sandarsa ya bi hanyar kasuwa. Inuwar ta janye, rana ta hau kan gorar, tana nan jingine.