Hutun Minti Arba'in da Biyar

Sannu-Sannu abokan aiki suke ce masa, don ko kura ce ta biyo shi ba ya wuce sittin da tankarsa. Shekara tara ke nan yana jan fetur, kuma duk Talata hanyar da kamfani ya zana masa takan ratsa ta gefen unguwarsu. Daga kan gada yakan hango tankin ruwan gidansu mai shuɗi, da bencin da mahaifinsa ke zama a ƙofa. Iyakarsa hange. Doka ta hana tsayar da tanka kusa da gidajen mutane, ga wata na'ura uwar gulma a motar, ko birki ya taka da ƙarfi sai ta kai rahoto ofis. Ranar hutunsa kuma a depon da yake sauke mai take riskarsa, tafiyar kwana biyu daga gida. Wata bakwai rabon da ya taka gidan, kewar tsohon kuwa tana cin sa ƙwarai.

Ranar Litinin, yana shirin kashe waya zai shiga layin lodi, yayarsa ta kira.

"Jibi zan tafi da Baba wurina. Likita ya ce zaman kaɗaici ya ƙare masa. Ka san jirgi ake hawa, kuma ba na jin zai sake dawowa. Gobe ka tsaya."

"Yaya, da kaya zan wuce."

"To ka sauke ka dawo da ita wayam mana!"

"Sai Alhamis zan sauke. Kuma wayam ɗin ta fi mugunta, tururin mai ne fal a cikinta."

"Kai da ubanka duk kanwar ja ce," ta ce, ta katse.

Ba ta yi ƙarya ba. Tsohon ya yi shekara talatin a kan tanka kafin ya koma koyar da direbobi. Shi ya koya wa ɗan nasa tuƙi da roba cike da ruwa a kujerar gefe. In ruwa ya zuba a kwana, sai ya ce, "Ka kifar da tanka, ka ƙone mutum ashirin. Sauka ka ɗebo wani."

Talata da hantsi Sannu-Sannu ya hau gada ya duba ƙofar gida. Benci na nan, babu kowa a kai. Ƙafarsa ta tafi kan birki da kanta, ya ce a ransa minti biyar ai ba za ta kashe kowa ba, in ofis za su kore shi su kora. Sai ya ga 'yan makaranta sun fito tara suna tsallaka titi, ga wata mata ta hura wuta a bakin kwalbati tana suya. Ya ɗage ƙafa ya wuce. Ƙaton mutum da gemu, ya yi ta hawaye yana sharewa da kafaɗa, don hannu biyu doka ta ce a kan sitiyari.

Kilomita ashirin a gaba akwai filin da aka yarda tankoki su tsaya, inda dole direba ya huta minti arba'in da biyar. Yana karya kwana ya ga wani tsoho a bakin get, an zura masa rigar masu ziyara mai ƙyalli da ta yi masa yawa. Yaya na gefe tana cika tana batsewa, mai gadi ya karɓe mata waya, don ba a shiga da ita filin.

"Baba!"

"Sa katako a taya tukuna."

Ya sa. Tsohon ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Na ce da yayarka ba za ka tsaya a unguwa ba. Da ka tsaya, ko gaisuwarka ba zan amsa ba."

Daga nan ya kama zagaya motar yana dogara sanda. Ya ƙwanƙwasa tayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya taɓa hatimin bututun sauke mai, ya sa aka karanta masa kwanan watan da ke jikin tukunyar kashe gobara. Ɗan yana biye da shi, bakinsa cike da magana, mintoci suna ta zubewa. A ƙofar direba tsohon ya tsaya. Ya kama ƙarfen hawa, ya ɗora ƙafa ɗaya a matakala, ya ɗaga kai yana kallon sitiyari. Sai a lokacin Sannu-Sannu ya gane ba shi kaɗai ke hange daga nesa duk Talata ba.

"Hau, Baba. Minti ɗaya. Ba mai cewa komai."

"Sunana yana cikin takardar motar nan?"

"A'a."

Tsohon ya sauke ƙafarsa a hankali.

Suka zauna kan bulo a inuwar ɗakin mai gadi. Duk maganar da ɗan ya tanada ta gudu, sai tambayar magani da ciwon gwiwa. Yaya ta juya musu baya tana gyara mayafin da bai karkace ba. Can tsohon ya dafa gwiwar ɗansa.

"Tashi, hanya na jiranka."

Sannu-Sannu ya duba agogo. "Saura minti uku, Baba."

Tsohon bai ɗauke hannunsa ba.

"To zauna. Arba'in da biyar aka ce, ba arba'in da biyu ba."