Jimlolin da Ba Su da Wutsiya

Malama ta sake buɗe littafin yarinyar nan da 'yan aji uku ke kira Shiru-shiru, ta riƙe haɓa. Rubutu tsaf, sai dai duk jimlar da ta kwafa daga allo ba ta da wutsiya. "Manomi ya tafi gona da", shi ke nan. Da me? Oho!

"Kanta ne ba ya ja," in ji Hedimasta daga bakin ƙofa. "Ranar Litinin zan mayar da ita aji biyu."

"Ranka ya daɗe, rashin ƙoƙari ba ya yanke jimla wuri guda kullum sai ka ce da almakashi. Ba ni lokaci zuwa tashin makaranta."

Abin ya tsaya mata a rai. Ido ne? Ta gwada ta da ƙananan haruffa, yarinya ta karanta tas. Gyangyaɗi ne? Ina! Idonta ƙur a kan allo. Da yara suka fita shan iska, Malama ta ja ƙafarta mai ciwo har bencin ƙarshe na jikin bango inda yarinyar ke zama, ta cusa kanta da ƙyar. Ga allo nan fes, ba abin da ya tare shi.

Hedimasta ya leƙo yana dariya. "A'a, sabuwar ɗaliba muka yi? To bari in zama ke." Ya dafa tebur, ya jingina da gefen allo, daidai inda takan tsaya ta hutar da gwiwa in ta gama rubutu.

Ƙarshen kowane layi ya ɓace a bayansa.

Kunya ta lulluɓe Malama. Wata uku tana zabga wa baiwar Allah jan biro, ashe ita ce ta tsaya a kan wutsiyar! Ta aika aka kira yarinyar.

"'Yata, me ya hana ki ce in matsa?"

Shiru-shiru ta sunkuyar da kai. "Malama, na ga in kin jingina a can, kina daina cije baki."

Dariyar Hedimasta ta ɗauke. Malama ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, kama min teburin nan mu kai shi can."

Ya kama, bai ƙara zancen Litinin ba. Suna cikin ja, sai yarinyar ta riƙo gefen mayafin Malama.

"To Malama, ina za ki riƙa jingina?"