Shekara Uku da Suka Rage wa Pelchat

Gaétan Pelchat yana da shekara talatin da takwas a hunturun da ya fara zame wa ƙungiyarsa kaya. Mai tsaron baya ne a wasan hokin ƙanƙara, kuma kyaftin. Lokacin da yake tashe, an ba shi kwantiragin shekara goma sha uku don kada wata ƙungiya ta yi wuf da shi. Yanzu saura uku. Gwiwa ta fara gardama, matasa suna wuce shi a kan ƙanƙara kamar an dasa shi.

Dokar gasar ta yanka wa kowace ƙungiya iyakar abin da za ta biya 'yan wasanta gaba ɗaya, albashin Pelchat shi kaɗai kuwa ya isa a ɗauki matasa uku masu jini a jika. Korarsa ba ta yiwuwa. In ya ajiye wasa da kansa, hukumar gasa za ta hukunta ƙungiyar. Ƙofa ɗaya ce ta rage: in likita ya tabbatar ya ji raunin da zai daɗe, za a ci gaba da biyansa, amma ba za a sa albashinsa cikin iyakar ba.

Manajan ƙungiyar, Warren Kilbride, ya kira shi ofis ya zuba masa kofi da hannunsa.

"Gaétan, gwiwar nan taka ai ta gaji. Ka je likita ya duba, ka gaya masa ba ka iya taka ta. Ka zauna gida da matarka Solange, kuɗinka na shigowa, sisi ba zai yi ciwon kai ba."

"Gwiwata lafiya lau," in ji Pelchat.

"Ai ban ce ta karye ba. Cewa na yi ka faɗa."

"To, ba zan faɗa ba. Ranar da kuka kawo mini takardar nan hannuna kuke riƙewa kuna roƙo. Zan buga shekaruna uku cif, ko da jan gindi."

Kilbride ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Shi ke nan, kyaftin. Sai ka kula da kanka."

Mako bai zagayo ba aka hauro da wani matashi daga ƙaramar gasa. Teague Halvorsen sunansa, ɗan manomin alkama daga lardin Saskatchewan, ƙato ne mai wuya kamar na bijimi, haƙoransa na gaba biyu babu. Kowa ya san ba don iya wasa aka kawo shi ba. A ɗakin sauya kaya ya zo ya miƙa wa Pelchat hannu yana sunkuyar da kai.

"Yallaɓai, hotonka na manne a ɗakina tun ina firamare."

"To ka cire shi, ya tsufa," in ji Pelchat, ɗakin ya ɗauki dariya.

Da aka fita atisaye da safe, koci Ostrander ya raba su gida biyu, ya sa Halvorsen a ɓangaren da zai riƙa karo da Pelchat. Pelchat ya ga kocin ya ja yaron gefe yana yi masa magana a kunne, yaron yana kallon ƙasa.

Karon farko, Halvorsen ya haɗa shi da katangar filin har gilashin sama ya yi ƙara. Ba a yi wa abokin wasa irin wannan a atisaye. Pelchat ya miƙe ya kakkaɓe ƙanƙara daga rigarsa.

"Kai yaro, a hankali. Gobe akwai wasa."

Na biyu, sandar hokin yaron ta sauka a bayan gwiwarsa, daidai inda ba kariya. Zafin ya hau har ƙeya. Pelchat ya dubi koci, koci yana duban agogonsa, usur na rataye a wuyansa bai taɓa shi ba. Can sama, bayan gilashin ofis, Kilbride na tsaye da kofi a hannu. Nan take Pelchat ya gane abin da ake ciki, jikinsa ya yi sanyi, sannan ya ɗauki zafi.

Na uku ya zo lokacin da ya juya baya yana tono ɗan faifan da ake bugawa a kusurwa. Ya ji ƙarar takalman yaron suna yankan ƙanƙara, bai samu damar juyowa ba. Fuskarsa ta daki bakin katanga, hular kwanonsa ta yi tsalle, girarsa ta tsage. Jini ya zubo ya rufe masa ido ɗaya, ya ɗiɗɗiga a kan farar ƙanƙara yana daskarewa.

Pelchat ya dafa katanga ya tashi. Ya yar da sanda, ya girgiza hannuwa safar hannun ta zube.

"Zo nan, ɗan alkama. Gama aikin da aka aiko ka."

Halvorsen ya yar da tasa safar. Shi ya fara kai naushi, ya samu Pelchat a kunne, ya ƙara a haƙarƙari, har numfashin tsohon ya ɗauke. Amma Pelchat ya shekara ashirin yana wannan dambe a kan takalmin zamiya. Ya damƙi wuyan rigar yaron da hagu, ya fizgo ta ta rufe masa kai, ya shiga sauke masa dama. Na farko ya fasa hanci. Na biyu ya sauka a muƙamuƙi, kowa ya ji ƙas, kamar an taka busasshen reshe. Yaron ya durƙushe, Pelchat bai sake shi ba. Ya ci gaba da duka, naushi ɗaya ya kauce ya daki hular kwano, ya ji wani abu ya ɓare a cikin hannunsa, duk da haka bai tsaya ba. Sai da mutum huɗu suka rungume shi suka ja shi baya, yana huci, jininsa da na yaron sun haɗe a ƙirjin rigarsa. A lokacin ne koci ya busa usur.

Pelchat ya ɗaga kai sama ya yi ihu, "Kilbride! Sauko ka kwashe kayanka!"

Babu kowa a bayan gilashin.

Mota ɗaya ta kai su asibiti. Ƙasusuwa uku suka karye a hannun Pelchat, jijiya ta tsinke. Likita ya ce ko ya warke ba zai sake riƙe sanda da ƙarfi ba. Halvorsen kuwa sai da aka ɗaure masa muƙamuƙi da waya.

Da yamma Solange ta iso, ta tsaya tana kallon ɗinkin girarsa da filastar hannunsa.

"Sun ce ka yi ƙarya ka ƙi, sai ka ba su raunin gaskiya da hannunka," in ji ta. "Kai dai taurin kanka sai ya ga bayanka."

Ya sauko daga gado ya taka zuwa ɗakin da ke kusa. Yaron na kwance, fuska ta kumbura, idanu kamar an tsaga da reza. Da ya ga Pelchat sai hawaye ya gangaro masa. Ya yi ƙoƙarin magana ta cikin wayar, da ƙyar kalmomin suka fito.

"Sun ce in na yi, zan zauna a ƙungiyar."

"Na sani," in ji Pelchat. "Daina magana, za ka ɓata ɗaurin."

Ya ja kujera ya zauna. Ya so ya ba shi haƙuri, bakin ya yi nauyi, sai ya riƙe masa kofin ruwa da hannun hagu, yaron yana zuƙa ta tsinke.

Kashegari ƙungiyar ta sanar cewa kyaftin ya ji rauni a atisaye, zai daɗe bai dawo ba. Kafin wata ya ƙare sun sayo matasa biyu. Halvorsen bai buga musu ko wasa ɗaya ba. Da ya warke aka mayar da shi ƙaramar gasa, bayan shekara ya koma gonar ubansa. Pelchat ya koma garinsu a bakin kogin Saguenay, albashinsa na zuwa har shekarun suka cika. Sau biyu ana gayyatarsa bikin karramawa a filin, bai je ba. Hannun bai ƙara dunƙulewa ba, Solange ce take ɓalle masa maɓallan riga.