Gabar Baba Dogo

Sunana Mu'azu, injiniyan ruwa ne ni, kuma shekara uku ke nan ina kan kujerar shef, wato shugaban aiki, a wani poroje na ruwan sha da ke Magariya. Mutane suna cewa ƙwazona ne ya kai ni. Nakan ce musu "sai godiya", don ba ni da ƙarfin halin gaya musu sauran labarin.

Ina ƙaramin injiniya aka ba ni aikin sa pompi mai aiki da hasken rana a wata rijiyar siminti, a wani ƙauye na karkarar Yekuwa. Aikin ba shi da wuya. Abu ɗaya ne ba a wasa da shi: a auna inda ruwa ke tsayawa a tsakiyar bazara, lokacin da rijiya ta fi ja da baya, don a san zurfin da za a rataye pompin. Muna da sondi, wato tef ɗin awo da ke yin ƙara idan ya taɓa ruwa. Sai ranar awon ta zo daidai da ranar da aka kira ni Damagaram, inda za a tantance waɗanda za a tura ƙaro ilimi na wata shida. Duk wanda ya dawo daga wannan karatu, ƙarin girma na jiran sa. Ban yi dogon tunani ba, na zaɓi Damagaram.

Daga tasha na kira Baba Dogo. Tsohon mahaƙin rijiya ne, abokin mahaifina, kuma shi ke gyaran pompi na ƙauyuka goma sha huɗu a ƙarƙashin porojenmu. Sunansa bai yi ƙarya ba. In ya hau moto, wato babur, gwiwoyinsa kamar su taɓa kunnuwansa, mu kuwa ma'aikatan biro, wato ofis, ba mu gajiya da tsokanar sa.

Na ce, "Baba, taimako za ka yi mini. Ka leƙa rijiyar nan ka auna mini daga baki zuwa fuskar ruwa."

Ya ce, "An gama, Injiniya. Allah ya ba da sa'a a can."

Kafin la'asar ya kira ni. Ya zura igiyar guga har ta taɓa ruwa, ya jawo, ya auna ta yadda mahaƙa ke yi tun kaka da kakanni: a buɗe hannuwa biyu, daga yatsa zuwa yatsa gaba ɗaya ke nan. Ya ce gaba shida cif. Ni kuwa gabata metir ɗaya da rabi ce da ɗan ɗigo, kuma da ita na saba lissafi. Shida sau ɗaya da rabi, tara. Na ƙara metir ɗaya don kariya, na rubuta a rataye pompi a metir goma. A cikin rapor, wato rahoton aikin, na rubuta cewa ni na auna, da sondi. Wannan layi har yau ina ganin sa in na rufe ido.

Bayan damina, rijiya cike, Baba Dogo ya rataye pompin a metir goma kamar yadda na rubuta. Ruwa ya zubo, mata suka yi guɗa, aka ɗauke mu hoto. Na tafi karatuna, na dawo da takarda mai hatimi da sabuwar jaka, ana jiran sa hannu kawai in zama shef.

Da bazara ta kankama, ruwa ya sauka ya bar pompin a sarari. Ya yi ta jan iska har ya ƙone. Matan ƙauyen suka koma jan guga, waɗanda suka riga suka sayar da igiyoyinsu suka dinga aro.

Darektan porojenmu ya kira taro a biro. Ya buɗe rapor ɗina, ya ce tunda injiniya ya auna da sondi, to wanda ya rataye pompin ne bai kai shi inda aka ce ba. Baba Dogo ya miƙe. Ya ce, "Ranka ya daɗe, inda aka ce nan na sa shi. Rijiyar nan na san ta kamar ɗakina, gaba shida ce a bazara." Yana faɗa yana buɗe hannuwansa don ya nuna.

A lokacin na gani. Hannunsa ɗaya yana kusa da taga, ɗayan ya kusa taɓa allon da ke jikin bango. Gabar wannan bawan Allah ta kusa metir biyu. Gaba shida tasa ta haura metir goma sha ɗaya, ni kuwa na sa a rataye pompi a goma. Gumi ya keto mini duk da fankar da ke kaina.

Darekta ya juyo ya ce, "Mu'azu, kana da abin cewa?"

Na ce, "Babu, ranka ya daɗe."

Ba wanda ya koma ya auna tiyon da aka rataye pompin da shi. Takardar injiniya da bakin tsoho, ai ba a tsayawa gwadawa. Aka cire sunan Baba Dogo daga jerin masu gyara, sati biyu bayan nan kuma aka ba ni kujera. Na yanka rago, na raba. Naman bai yi mini daɗi ba, amma na ci.

Sai da aka yi wata huɗu kafin na iya zuwa gidansa. Na tafi da buhun shinkafa, kamar shinkafa ce matsalar. Matarsa, Inna Kande, ta amsa gaisuwata a taƙaice, ta kawo ruwa ta koma ciki. Na same shi a gindin darbejiya yana tufka igiya. Ya rame. Na ji labarin yanzu ko yasar rijiya ba a cika kiran sa ba, don magana ta zaga har kasuwar Sassumbrum cewa shi ya ƙona pompin mutane.

Muka gaisa, muka taɓa zancen gero da na wake. Na buɗe baki sau biyu in faɗa, sau biyu ina komawa zancen damina. Da na tashi tafiya, sai ya ɗauki igiyar da ke hannunsa, ya buɗe hannuwansa ya auna gaba ɗaya, ya yanke da wuƙa, ya ƙulle bakin biyu. Ya miƙo mini.

Ya ce, "Tafi da ita biro, ɗana. Ka ɗora ta a kan metir ɗinku, ka rubuta abin da ta ba ka, saboda gaba."

Na ce, "Baba, ashe ka sani?"

Ya ce, "Tun a taron. Na ga fuskarka lokacin da na buɗe hannu."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Kai aka tambaya, ba ni ba." Ya ci gaba da tufkarsa. "Kuma ranar da aka sa ka lakwal, makarantar boko, ni na kai ka a amalanke. Ba zan sauke ka da bakina ba."

Ban san yadda na tuƙo mota zuwa Magariya ba. Na auna igiyar: metir ɗaya da santimetir casa'in da biyu. Na sa ta a aljihun teburina.

Kowace shekara ana kawo wa shef jerin masu gyara ya sa hannu. Ina da ikon mayar da sunansa, amma sai na rubuta dalili, dalilin kuwa shi ne wancan layi da na rubuta cewa ni na auna da sondi. Kunya nake ji, kuma tsoro nake ji, tsoron ya fi yawa. Duk shekara nakan ce bari a wuce wannan zagaye na ƙarin girma tukuna.

Jiya aka kawo jerin na bana. Na jawo aljihun tebur in ɗauki bik na rubutu, hannuna ya taɓa igiyar. Na ture ta gefe, na ɗauki bik ɗin, na sa hannu.